Notin bodin Landirobar Babanmu ya kafe, a ba ni shawara kafin in yi ɓarna

Jikan Mambila:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abubuwan da kuke rubutawa ban taɓa cewa uffan ba, to yau dai ta kawo ni.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Landiroba Series III, doguwar nan mai inci 109, a-kori-kura, ƙirar 1976, injin fetur. Da ita ya yi shekara da shekaru yana hawa dutsen Mambila, daga Serti zuwa Gembu, ya kai gishiri da siminti da kananzir, ya sauko da ayaba da masara. A jikinta aka biya mana kuɗin makaranta. Da ya kwanta ciwo sai aka jingine ta ƙarƙashin mangwaro a gidanmu, ta yi shekara 19 a nan, har kaji suka mai da ita akurki. Da aka zo rabon gado 'yan'uwa suka ce a kira 'yan gwangwan su auna, na ce a'a, a sa ta a kasona. Na ɗoro ta a babbar mota na kawo Kaduna.

Niyyata in raba bodi da cesis, wato ƙarfen ƙasa da bodi ke zaune a kai, a kankare tsatsa, a yi fenti, a mai da komai. Akwatin baya ya sauka, duk da rabin ƙananan notinansa sun karye, wasu kuma kansu ya mulmule. Inda na tsaya cak shi ne katangar gaba, wadda ke tsakanin inji da ƙafar direba. Dogayen bol biyu ne suka riƙe ta a hannun cesis, ɗaya dama ɗaya hagu. Kwana huɗu ina fesa musu man sakin tsatsa na WD-40. Na hagu notinsa ya fita amma bol ɗin ko gezau. Na dama ko notin ma ya ƙi. Yaron da ke taya ni ya sa guduma a na hagun, yanzu bakinsa ya baje kamar kan naman kaza. Me zan yi?

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Wuta kawai. Nemi mai waldar kabaid ya gasa maka shi sai ya yi ja, ka kwara masa ruwa, ka juya. Minti goma an gama. Kullum shi muke yi.

Abba Sport:
Zuba masa Coca-Cola ka bar shi ya kwana, wallahi na ga an yi.

Baba Na Dilimi:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka gama da ita lafiya. Kafin kowa ya kunna ashana kusa da motar nan, amsa min abu uku. Ina tankin manka yake, ka sauke shi ko yana nan? Da wace sifana kake aiki? Kuma me da me ka kwance a jikin katangar kafin ka taɓa dogayen bol ɗin?

Jikan Mambila:
Sannu Baba, na gode. Tanki yana nan ƙarƙashin kujerar dama, ban sauke ba, amma babu ko ɗigon mai, ya bushe tun da daɗewa. Sifana lamba 19 nake sa wa manyan, ƙananan kuma 13. Na cire ƙofofi da gilashin gaba, amma fukafukan gaba da sitiyari suna nan.

Baba Na Dilimi:
To ka ga dalilin tambayar. Tankin nan da kake cewa ya bushe, tsakaninsa da bol ɗin dama bai fi taƙi biyu ba. Tankin da ba mai a cikinsa ya fi cikakke ban tsoro, domin tururin da ya rage shi ne ke fashewa, kuma tsohon fetur da ya daskare a gindin tanki da ya ji zafi sai ya tashi. Sauke shi, kai shi bayan gida, sannan mu yi maganar wuta.

Na biyu, motar nan Baturiyar Ingila ce, notinanta na inci ne, ba na milimita ba. Manyan kansu kwata uku na inci ne, lamba 19 ta yi musu daidai, ka ci sa'a. Amma ƙananan da ka ce sun mulmule rabin inci ne. Rabin inci bai kai 13 ba, milimita 12.7 ne. Wannan ɗan sararin da kake gani kamar ba komai, shi ya cinye maka kusurwoyin noti. Je Panteka ka nemi tsofaffin soket na inci, masu kusurwa shida, ba masu goma sha biyu ba. Ka nemi 7/16 da 1/2 da 9/16 da 3/4. Mai kusurwa shida yana rungumar noti a gefensa, mai goma sha biyu a kan tsini yake kamawa, da ka ɗora masa fayif sai ya zame.

Na uku, wanda shi ne babba. Kana ta faɗa da noti alhali ba nan ciwon yake ba. Bol ɗin nan ya fi inci shida, a kwance yake, ya ratsa ta cikin bututu a bakin hannun cesis sannan ya ratsa ƙafar katanga. Shekara arba'in da wani abu laka da ruwan Mambila suna shiga bututun nan ba sa fita. Bol da bututu sun zama abu ɗaya. Shi ya sa ka cire noti amma bai motsa ba. Man da kake fesawa a baki bai shiga ko inci ɗaya ba.

Sannan ka bar nauyin katanga da fukafukai da akwatin sitiyari duk a kansa. Ko sabon bol ne aka danne shi haka ba zai zare ba. Kwance fukafukai, kwance ƙarfen da ya riƙe akwatin sitiyari da cesis, sa jak da katako ƙarƙashin ƙafar katanga ka ɗan ɗaga kaɗan, ba don ta tashi ba, don dai nauyi ya sauka daga kan bol.

Yaron da ya sa guduma kuwa, ka gaishe shi. Ba a dukan bol tsirara. Ana mai da noti ne har ya yi daidai da bakinsa, sannan a daka. Yanzu sai ka sa giranda ka share inda ya bajen, in ba haka ba ko ya saki ba zai wuce ta ramin ba.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Baba ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ƙarshenta dai wutar za a dawo. Mu nan a rana sai mu cire irin wannan guda goma. Mutum ya zauna yana shafa wa ƙarfe mai kamar amarya har yaushe?

Baba Na Dilimi:
Ban ce ba za a sa wuta ba. Cewa na yi ba da ita ake farawa ba. Kai ƙarfen tirela ka saba gasawa, mai kaurin tafin hannu. Wannan kuwa ƙafar katanga ce, falle ne, tsatsa ta riga ta cinye rabinsa, kuma a gefensa sanholo ne, wato alminiyam.

Injiniya Zazzau:
Bari in ɗan ƙara a kan maganar Baba, don a gane abin da ke faruwa a cikin bututun. Idan ƙarfe ya yi tsatsa ba raguwa kawai yake yi ba, kumbura yake. Tsatsar da ta fito daga ƙarfe tana cin wuri ninkin ba ninkin na ƙarfen da ta cinye. A fili sai ta ɓamɓare ta zube. A cikin bututu kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta cika ɗan sararin da ke tsakani ta matse bol ta ko'ina. Wato ba manne yake ba, a matse yake. Amfanin wuta shi ne ta buɗa bututun na waje ya ɗan faɗaɗa, tsatsar ta farfashe. Don haka bututun ake gasawa, ba bol ba. Wanda ya gasa bol ɗin ya ƙara masa ƙiba ne a cikin rami, sai dai in ya jira ya huce.

Batun sanholo kuma ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1948 da aka fara ƙera Land Rover a Solihull aka yi bodinta da alminiyam, saboda ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Cesis da katangar gaba ne ƙarfe. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe. Kana kallonsa fari fat, sai kawai ka ga ya zube ya bar rami. Zafin da zai sa ƙarfe ya yi ja sosai ya isa ya narkar da shi.

Ƙananan notinan baya da suka kakkarye ma da dalili. Duk inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam ga danshi, sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana zama farin gari. In ka duba ramukan za ka ga farin nan kamar toka.

Jikan Mambila:
Wallahi Injiniya haka ne, farin gari ne cike, na ɗauka tsohon fenti ne. Wasu ramukan ma sun faɗaɗa har noti yana wucewa da wosharsa.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Bazazzagi da dogon turanci. Mu ba mu san digiri ba, amma mun san kalar da ƙarfe ke yi in ya nuna.

Injiniya Zazzau:
Shi ya sa na yi maka bayanin sanholo Bakano, don shi ba ya kala. Kada ka je ka narkar wa marayu da gado ka ce tsautsayi ne.

Direban Dare:
Ni dai maganar tankin nan ce ta sa zan yi magana. Shekarun baya a wani gareji a hanyar Bauchi, ina zaune kan benci ina jiran a ɗaure min salansa, aka kawo wata tsohuwar fikof za a yi mata walda a ƙasa. Mai motar ya rantse tankin ya fi wata shida ba mai. Yaron ya kwanta ya kunna. Ban ga wuta ba, ƙara kawai na ji, sai ga tankin ya kumbura ya yage ta wajen ɗinki, murfinsa kuwa a kan rufin kwanon maƙwabta aka tsince shi. Yaron ya rayu, amma kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba. Tun ranar in na ga an kunna kabaid kusa da mota sai in tashi in ba da wuri. Malam ka sauke tankin nan, ka kuma duba bututun man birki da wayoyin da suka bi ta wajen.

Jikan Mambila:
Subhanallahi. Gobe da safe shi zan fara saukewa in sha Allah.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ku mutanen kudu kuna shan wahala da tsatsa. Nan wajenmu, balle Agadas, za ka ga Land Rover da ta girmi wannan, rana ta cinye fentinta tas, amma ka sa kile, sifana a wajenku, ka juya bulon shasi, wato bol ɗin cesis, ya taho kamar jiya aka ɗaura. Mu rairayi ne ke kashe mana inji, ba ruwa ba. In shasin taka ta lalace ka zo ka nema a nan, sai dai kada ka taho da Bakano ya yi maka ciniki.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Ku da ba ku da ruwan da za ku sha, ina za ku samu na tsatsa?

Ɗan Damagaram:
Mun gode Allah, mu dai ba mu gasa mota kamar balangu.

Oga Sani Panteka:
A bar wasa a koma kan mai. WD-40 ba laifi, amma siriri ne, yana bushewa da wuri, ga tsada. Mu abin da muke yi, man giyar otomatik ake haɗawa da asiton, ruwan nan mai goge fenti, rabi da rabi, a girgiza sosai duk lokacin da za a zuba domin ba sa zama tare. In babu asiton, kananzir da man giyar ma yana yi, ko dizal zalla. Wasu na sa man birki, yana ci, amma duk inda ya ɗiga a kan fenti sai ya ɗaye shi. Tunda kai fenti za ka sake, wannan ba damuwarka ba ce.

Dabarar ita ce yadda man zai kai ciki. Bol ɗin a kwance yake, in ka zuba a baki zubewa zai yi ƙasa. Samu siririn bakin dirila, kamar milimita 3, ka huda bututun daga sama wuri biyu, har ka ji ka taɓa bol. Ka riƙa ɗura mai ta nan da sirinji safe da yamma. In an gama sai a toshe ramin da ɗigon walda. Kuma duk zuwa ka ɗan ƙwanƙwasa bututun da ƙaramar guduma ta gefe, ba duka ba, ƙwanƙwasa, don tsatsar ta tsattsage man ya samu hanya.

Amma fa asiton wuta ne da kansa. Ranar da za ka gasa, ka tabbata ya bushe, kwalbar kuma tana nesa.

Abba Sport:
To Coca-Colar fa? Ba wanda ya ce komai.

Injiniya Zazzau:
Akwai ɗan asid a cikinta mai cin tsatsa, amma kaɗan ne ƙwarai. In ka jiƙa ƙaramin noti a kofi ya kwana biyu zai yi haske. A cikin bututu mai inci shida kuwa sukari kawai za ka tara wa tururuwa. Sha abinka.

Maman Ilham:
Ni ba makanikiya ba ce, mijina ne ya sa ni a zauren nan don in daina yi masa ƙorafi. Bosuwajarsa shekara uku ke nan tana tsakar gida a kan bulo, kullum "noti ɗaya ya rage". A kanta nake shanya. Jikan Mambila, in kana da iyali ka faɗa musu gaskiya tun yanzu, kada ka ce wata biyu.

Jikan Mambila:
Hajiya kin makara, na riga na ce kafin Babbar Sallah.

Maman Ilham:
Ba ka dai faɗi ta wace shekara ba ko? To da sauƙi.

Oga Sani Panteka:
Ni fa in tawa ce ba zan ɓata mako guda ba. Tsakanin ƙafar katanga da hannun cesis akwai woshoshi. Zura zarto ta nan ka yanke bol ɗin, katanga ta tashi, sauran guntun ka ji da shi a fili inda kake ganinsa. Bol nawa yake?

Jikan Mambila:
Oga gaskiya yankan nan ne ba na so. Burina duk abin da zai yiwu in mai da na asali. Bol ɗin nan tun daga kamfani yake, Babanmu ya yi shekara talatin a kansa. In na fara yanka wannan in sauya wancan, ƙarshe motar wa zan hau?

Oga Sani Panteka:
Malam kada ka ba ni dariya. Ka tabbata ma na kamfani ne? Motar da ta yi aikin Gembu, babu abin da ba a taɓa kwancewa a jikinta ba. Ka duba da kyau za ka samu notin Toyota da na Peugeot har da na injin niƙa.

Hamza 504:
A'a Oga, ni na fahimce shi. Ba maganar kuɗi ba ce. Ni ma da na gyara 504 ɗin kawuna, irin haɗin Kaduna, har tsohuwar robar feda na wanke na mayar, don sawun ƙafarsa na jiki. Wanda bai gaji mota ba ba zai gane ba.

Baba Na Dilimi:
Ɗana, saurare ni. Na fara koyon aikin nan a Jos lokacin motocin kamfanonin kuza suna nan, Landiroba ta ratsa hannuna ba adadi, daga masu zuwa daga Ingila har waɗanda aka riƙa haɗawa a Ibadan. Abin da Hamza ya faɗa gaskiya ne a kan robar feda da sitiyari da kan giya, abin da hannun mahaifinka ya taɓa. Amma bol ɗin nan ko ya fito lafiya ba zan bar ka ka mayar ba. In ya fito za ka ga tsakiyarsa ta rame kamar ƙugun zanzaro. In kuma an gasa shi ya yi ja, ƙarfinsa ya tafi. Shi ke riƙe da katangar da sitiyari da fedar birki ke jikinta. Mahaifinka da ke sauka gangaren Mambila da lodi, da ka nuna masa ramammen bol da kansa zai jefar.

Abin da za ka yi wa tattali shi ne ƙafar katanga da hannun cesis. Su ne in ka lanƙwasa ko ka yage, ka shiga aikin wata guda, kuma ƙofofinka ba za su ƙara rufuwa daidai ba. Na ga wanda ya ɗora fayif mai tsawon mutum a kan irin bol ɗin nan, bol bai juya ba, bututun ne ya yage daga cesis ya juya tare da shi. Garin neman gira ya rasa ido.

Ga yadda za mu yi. Ba shi mako guda da dabarar Sani. Bayan nan ka gwada, kuma ba kwancewa kawai ba: ɗan ɗaure, ɗan kwance, ɗan ɗaure, ɗan kwance. In ya motsa ko da kaurin gashi ne, ka ci nasara, ƙara mai ka ci gaba da lilo da shi. In bai motsa ba a kira mai wuta, ƙaramin harshe, a kan bututu kawai, a rufe sanholon da ke kusa da falankin ƙarfe da jiƙaƙƙen buhu. In an yi haka sau biyu bai saki ba, zarto.

Kuma kafin komai: ƙirga woshoshin da ke kowane gefe ka rubuta. Ba ado ba ne. Da su aka daidaita tsayuwar katanga don ƙofa ta zauna. Dama da hagu ba lallai su zo ɗaya ba.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
To ai ga shi an dawo wutar da na faɗa tun farko.

Baba Na Dilimi:
An dawo, bayan an sauke tanki. Da ya bi taka ranar farko da yanzu ta'aziyya muke rubutawa.

Mai Walda Ƙofar Ruwa:
Na karɓa Baba. Amma bari in ba shi tawa guda ɗaya da ba wanda ya faɗa. Notin daman da ya ƙi, da ƙananan da suka karye a ciki: ɗora sabon noti babba a kan guntun, a cika tsakiyarsa da waldar lantarki. Ka samu sabon kai na kamawa, zafin waldar kuma ya ratsa bol ɗin kai tsaye ba tare da harshen wuta yana lasar ko'ina ba. Bar shi ya huce kafin ka juya. Ka cire kan batir tukuna in akwai. Kuma don Allah kada wani ya sayar maka da ɗan ƙarfen nan mai haƙoran hagu da ake cewa yana zaro karyayyen bol. A ƙaramin da ba tsatsa yana yi. A irin wannan karyewa zai yi a ciki, kuma ya fi bakin dirila tauri, ka ga ka haɗa wa kanka biyu.

Injiniya Zazzau:
Wannan kam Bakano ya yi magana. Ƙari ɗaya: ƙarafunan da suka bi gefen bodin Land Rover an yi musu wankan zinki. In wuta ta taɓa su suna fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A yi aikin a fili, ba cikin shago ba.

Jikan Mambila:
Jama'a na dawo da labari, yau kwana tara. Na sauke tanki, kuma Baba ka yi gaskiya, da na juya shi wani baƙin abu kamar kwalta ya fito, warinsa har cikin gida. Na cire fukafukai da sitiyari, na sa jak, na huda bututu kamar yadda Oga Sani ya ce, ina ɗurawa bayan asuba da bayan la'asar.

Na hagu: ranar ta bakwai na sa soket da hannu mai tsawo, na ɗan ɗaure, sai na ji ƙas! Na ɗauka karyewa ya yi, gabana ya faɗi. Ashe sakin tsatsa ne. Wani jan ruwa ya fara tsattsafowa ta ramukan da na huda. Na fi awa ɗaya ina kai shi ina dawo da shi, sannan na sa guntun rodi a bakinsa ina bugawa a hankali har ya fito. Na riƙe shi a hannu na daɗe ina kallo. Tsakiyarsa bai fi kaurin fensir ba. A kan wannan Babanmu yake sauko da buhu ashirin.

Na dama kuwa ya ƙi. Mun yi walda a kansa, kan ya tsinke. Mun gasa sau biyu. Jiya na sa zarto ta tsakanin woshoshi, ruwan zarto uku na karya, wurin ba ya shiga da hannu sosai sai da na naɗe ruwan da tsumma na riƙa ja da yatsu. Katanga ta tashi lafiya, ba ta lanƙwashe ba.

Sai dai da ta tashi na ga abin da ban so ba. Hannun cesis na daman, da na ƙwanƙwasa ƙasansa guduma ta shige. Cike yake da busasshiyar jar laka, na kwashe ta fi kwano biyu.

Baba Na Dilimi:
Alhamdu lillahi. Lakar nan ta Mambila ce, ita ta riƙe danshi shekara da shekaru tana ci daga ciki. Kada ka wahalar da kanka cire guntun bol daga hannun da ya mutu, a yanke hannun gaba ɗaya a ƙera sabo. Amma kafin a yanke a auna komai daga na hagu, tsayi da nisa daga tsakiyar cesis, a ɗana shi da ɗigon walda, a gwada katanga da ƙofa, sannan a cika. Kuma bi cesis ɗin nan kaf da guduma, musamman ƙarfen ƙarshe na baya da inda sifirin ke kamawa. Inda ya yi ƙara tangararan yana da rai, inda ya yi bif ka zana masa alli.

Ɗan Damagaram:
Na ce maka shasi na nan wajenmu.

Jikan Mambila:
Sai na gama bugun gudumar tukuna ɗan'uwa, kada ka yi min baki. Oga Sani, sabon bol fa? Wani ya ce in sa na silba wanda ba ya tsatsa in huta har abada.

Oga Sani Panteka:
Kada ka sa a nan. Wanda ba ya tsatsar da ake sayarwa a kasuwa bai kai bol mai lamba 8.8 ƙarfi ba, kuma notinsa na da halin cijewa tun ranar ɗauri. A jikin alminiyam ma ya fi ƙarfen gama-gari cin sa. Nemi rabin inci UNF, wato mai ƙananan haƙora irin na inci, in za ka samu. In babu, M12, wato mai kaurin milimita 12, mai 8.8 a kansa zai shiga, ya ɗan fi siriri kaɗan. Amma ka saya da notinsa, don haƙoransu ba ɗaya ba ne, notin inci ba ya hawa na milimita, in ka tilasta zai hau zagaye biyu ya ci haƙori. Ka shafe jikin bol ɗin da giris tun daga kai har ƙarshe kafin ka zura, ka cika bututun ma. Na bayan kuma, inda ƙarfe zai taɓa alminiyam, sa ɗan falle na roba a tsakani.

Hamza 504:
Tsohon na hagun fa, ka jefar?

Jikan Mambila:
Yana cikin durowa tare da lasin ɗin Babanmu.

Baba Na Dilimi:
Woshoshi nawa ka samu?

Jikan Mambila:
Hagu uku. Dama kuwa, Baba, na ƙirga huɗu na ɗaure su da waya na ajiye a kan bulo, na shiga salla. Na fito na tarar yaron nan ya kwance wayar ya zuba su cikin gwangwanin notina gaba ɗaya, wai yana gyara wuri. Huɗu dai nake tunawa, amma ɗaya ta fi sauran kauri.

Baba Na Dilimi:
Tunda hannun ma sabo za a yi, da ƙofa za ka daidaita, ba da ƙirga ba. Rataya ƙofar, ka ƙara ka rage har layinta ya yi daidai da na akwatin baya. Yaron kuma ka saya masa alli da ledoji, duk abin da ya kwance ya rubuta.

Jikan Mambila:
To Baba. Yanzu na leƙa bol ɗin sifirin na baya, su ma da alama sun haɗe da bushinsu.

Oga Sani Panteka:
Waɗannan ko mai kada ka ɓata. Sayo ruwan zarto dozin ɗaya.

Maman Ilham:
Babbar Sallah dai ko?